Kofin ruwan da ya tona asirin lissafina

Har yau in na zauna cin abinci aka ajiye mini kofin ruwa, sai in tsinci kaina ina kallon saman ruwan ko zai motsa. Na samo wannan ɗabi'a ne a aikin da muka yi na kafa lilon faɗowa a kan rufin wani dogon otal, irin wanda ake jan mutane zuwa ƙololuwar sandar ƙarfe, a riƙe su na ɗan lokaci, sannan a sake su su sulmiyo. Ni aka ɗora wa alhakin tabbatar da cewa ginin zai ɗauki abin. Kuma ya ɗauka, ko tsaga ɗaya bai yi ba. Shi ya sa abin yake ƙara ƙona mini rai, don duk lissafin da na yi daidai ne, akwai dai wanda ban yi ba.

Da masu ginin suka kawo maganar, ban ɗauke ta wani abin tsoro ba. Tun 1996 akwai wani lilo mai suna Big Shot a kan hasumiyar Stratosphere ta Las Vegas a Amurka, wadda tsayinta ya kai mita 350. A Guangzhou ta ƙasar Sin ma akwai lilon faɗowa can saman Canton Tower, sama da mita 450 daga ƙasa. Na ce tunda wasu sun yi sun kwana lafiya, mu ma za mu yi. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne Big Shot da matsattsiyar iska yake harba mutane sama, iskar ce kuma take tare su in sun dawo. Namu kuwa sakin kujerar ake yi ta faɗo da nauyinta, birkin maganaɗisu ya cafke ta. Sunansu ɗaya a bakin mutane, amma yadda kowanne yake taɓa ginin da ke ƙarƙashinsa daban ne.

Hankalinmu duka iska ta ɗauke shi. Sanda mai mita 40 a kan gini mai tsayi, iskar can sama ba irin ta ƙasa ba ce, ga shi ginin kansa yana ɗan rangaji. Watanni muka yi a kan wannan: na'urar auna iska da za ta dakatar da lilon, kariyar tsawa, jar fitilar jiragen sama, yadda za a sauko da mutane in kujera ta maƙale a sama. Duk waɗannan sun tafi yadda ake so, ba zan ɓata lokaci a kansu ba.

Birkin kuma na lissafa shi. Kujerar tana faɗowa mita 20 ba abin da ke riƙe da ita, wato kamar sakan 2, ta kai gudun kilomita 70 a awa. Daga nan maganaɗisun da ke jikinta ya shiga tsakanin fallayen ƙarfe da ke manne da sandar, a kashe gudun cikin mita 8. Kujera da mutanenta tan 4 ne, amma a wannan ɗan lokaci sandar tana jin abin da ya kai tan 14. Na duba gimshiƙan rufin, na ƙara musu ƙarfi, na duba gajiyar ƙarfe tunda abin zai maimaitu sau dubbai, na sa hannu. Tambayar da na yi wa kaina ita ce, rufin zai karye? Amsa, a'a. Ban tambayi kaina ina bugun zai bi bayan ya shiga rufin ba.

A ƙasa, irin wannan lilo kan katafaren tushe na kankare yake zaune, ƙasa ta shanye bugun, ba mai ji. A kan bene kuwa tushenka shi ne silin ɗin wani. Namu, gidan cin abincin otal ɗin ne a hawa na ƙarshe, ƙarƙashinsa kuma ɗakunan da suka fi kowanne tsada.

Akwai wani dattijon injiniya, maigidana ne tun ina koyon aiki, na nuna masa zanen kafin a fara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kan hawan da ke ƙarƙashin sandar ya ce, "Nan fa, su wa ke zama?" Na ce, "Ranka ya daɗe, masu cin abinci ne, kuma gimshiƙan sun wuce abin da ake buƙata." Ya ce, "To." Bai ƙara komai ba. Na fassara wannan "to" da cewa ya gamsu. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni abin da na hau ya fi rimi nesa ba kusa ba, kuma ban hango ɗin ba.

Ranar gwaji na farko muna kan rufi, an ɗaure jarkokin ruwa a kujerun a madadin mutane. Aka saki kujerar, ta zo fuuu, birki ya kama, ta sauka a hankali kamar an ajiye ƙwai. Muka yi ta tafi, har da rungumar juna. Ana shirin yi na uku sai ga manajan otal ɗin ya hauro yana haki. Ya ce, "Injiniya, don Allah sauko ka ga wani abu."

Ya zaunar da ni a wani teburi daidai tsakiyar gidan cin abincin, ya zuba ruwa a kofi ya ajiye gabana, ya ce in sa a sake. Na yi magana ta rediyon hannu. Ba a jin ƙarar lilon sam daga ciki, sai kawai na ji abu ya daki tafin ƙafata ta cikin takalmi, dum. Ruwan kofin ya yi zobe-zobe, cokula suka yi ƙara a kan faranti, fitilun da ke rataye suka ci gaba da lilo bayan komai ya lafa. Wata ma'aikaciya da ke goge tebur ta dafe bango ta dube ni. Na san a take cewa babu haɗari, ginin ko gezau bai yi ba, amma wa zai biya kuɗi ya ci abinci ana dukan ƙafarsa duk bayan minti uku?

Da muka kafa na'urorin auna jijjiga sai bayanin ya fito fili. Daɓen wannan hawa, in aka buge shi, yana kaɗawa kamar sau 6 a sakan ɗaya, kuma jikin ɗan Adam ya fi jin jijjigar sama da ƙasa tsakanin sau 4 zuwa 8. Bugu biyu ne ma: na farko lokacin da aka saki kujerar, sandar ta rabu da tan 4 farat ɗaya, na biyu da birki ya kama. Na yi tunanin ko rage mutane zai taimaka. Ina! Ƙarfin birkin maganaɗisu gudu yake bi, ba ruwansa da nauyi, don haka kujerar da ba kowa ma kusan haka take dukan sandar. Kuma ba maɓallin da za ka murɗa ka sassauta shi, tunda ba da lantarki yake aiki ba, wanda shi ne ma dalilin da ya sa aka amince da shi.

Da na yi wannan lissafi tun a takarda, aikin mako biyu ne. Yanzu kuwa sanda tana tsaye, kuma babban kiren da aka yi ginin da shi an riga an kwance an tafi da shi. Sai da muka haɗa ƙaramin kiren a kan rufin, gunduwa-gunduwa ta lif ɗin kaya, muka sauke sandar gaɓa-gaɓa. Aka shimfiɗa sababbin gimshiƙan ƙarfe da suka tsallake daɓen gaba ɗaya suka kai nauyin kan bangayen kankaren tsakiyar gini, inda lif ke bi. Kowane ƙarfe sai an yanka shi daidai tsawon lif ɗin, a hau da shi, a haɗa da noti a sama. Roba mai kauri muka sa a ƙarƙashi, amma ita ma da nata ciwon kai: sandar da iska ke son tumɓukewa ba a ɗora ta kan abu mai laushi haka kawai, sai an matse robar da dogayen kusoshi, in ka matse da yawa kuma jijjigar ta bi ta kusoshin ta wuce. Sau uku muna kwancewa muna sake matsewa. Masu ƙera lilon suka sake jera fallayen birkin yadda zai riƙa kamawa sannu a hankali, wanda ya ci mana mita 3 daga tsawon faɗuwar. Wata 7 aka ƙara a kan ranar buɗewa, kuma a kowane taro sunana ne a bakin kowa.

Duk wanda aka kawo wa irin wannan aiki, kafin ya buɗe zanen rufi ya sauka hawa ɗaya ya ga su wa ke zaune, me suke yi, ƙarfe nawa suke barci. Ya auna yadda daɓen ke kaɗawa tun babu komai a kai. Ya nemi masu ƙera lilon su ba shi yadda ƙarfin birkin ke hawa da sauka cikin kowane ɗan kaso na sakan. Ni adadi ɗaya tak suka ba ni, mafi girma, na karɓa na yi godiya. Kuma kada ya yarda a kwance kiren sai an saki kujerar yana zaune a hawan da ke ƙarƙashinta.

Ranar gwajin ƙarshe ban hau rufin ba. Teburin nan na koma, manajan ya zuba ruwan da kansa, muka zauna ba mai magana. Aka ce ta rediyo an saki. Na ƙura wa kofin ido, na ga kamar ruwan ya ɗan yi rawa, manajan ya ce shi bai ga komai ba. Na sa aka sake sau biyar.