Daga Ina Kalmar Kabal Ta Samo Asali?

Duk mai bibiyar labaran siyasa ya saba jin ana cewa 'yan kabal ne suke juya akalar mulki, wato wasu tsirarun mutane masu ƙulle-ƙulle a bayan fage, waɗanda ba a zaɓe su ba, amma maganarsu ce take tasiri.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa an ƙirƙiro kalmar a Ingila, zamanin Sarki Charles na Biyu, daga haruffan farko na sunayen manyan fadawansa biyar: Clifford, Arlington, Buckingham, Ashley da Lauderdale. Haruffan sun dace ƙwarai da yadda Turawa suke rubuta ta, wato cabal, amma dacewa ce kawai, domin kalmar ta riga su shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci.

Tushenta na gaskiya shi ne Kabbala, ilimin ɓoye na Yahudawa wanda ya bunƙasa a kudancin Faransa da Sifaniya a ƙarni na 12 da na 13. A Ibrananci ma'anarta abin da aka karɓa, wato ilimin da almajiri yake karɓa daga bakin malaminsa, kuma saiwar tana da 'yar'uwa a Larabci, wadda daga gare ta muka sami alƙibla da ƙabila. Babu makirci a cikin wannan ma'ana ko kaɗan. Turawan da ba su fahimci ilimin ba ne suka ɗauki duk abin da ake koyarwa a asirce a matsayin ƙulli, kuma tsohon zargin da suke yi wa Yahudawa ya sauƙaƙa wannan juyi. A ganina wannan rashin adalci ne, ganin cewa har yau ana jifan Yahudawa da kalmar.

Su kuwa fadawan nan biyar, ba a banza sunan ya manne musu ba. A 1670 sarkin ya ƙulla yarjejeniyar sirri a Dover da Sarki Louis na 14 na Faransa, inda ya yi alkawarin komawa ɗariƙar Katolika a ba shi kuɗi. Sai dai Clifford da Arlington kaɗai suka san wannan sharaɗi, sauran ukun an rufe su, domin dama kansu ba a haɗe yake ba. A 1673 dokar da ta hana 'yan Katolika riƙe muƙami ta tilasta wa Clifford sauka, aka kuma sallami Ashley, wanda daga baya ya zama jagoran masu adawa da fadar.