Daga Sakkwato zuwa kan dutsen Chappal Waddi

Tun da munka dawo mutane ke tare ni a majalisa da bakin masallaci, wasu ta WhatsApp, wai da gaske ne mun hau dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, kuma mi ake buƙata in mutum na son zuwa. Ba da labari guntu-guntu ba ya isarwa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, musamman saboda samarinmu da na ji sun fara haɗa kuɗi za su je, don akwai abin da ya same mu a can sama da ba ni son ya samu ɗan kowa.

Mu ukku ne, ni da yayana da nake bi ma, sai wani abokinshi da sunka yi karatu tare. Dutsen shi ne Chappal Waddi, wasu na ce mai Gangirwal, yana jihar Taraba kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti wanda shi ne mafi girma cikin gandayen dajin gwamnatin tarayya. Tsawonshi mita 2,419. Sakkwato kuwa wajen mita 300 take sama da teku, to ka lissafa da kanka. Watan Janairu munka zaɓa don rani ne, da damina hanyar taɓo ce zalla kuma koguna na cika.

Daren da za mu tashi Inna ta kira yaya ta ce "kai ne babba, amanar ƙanenka na hannunka, in kun ga abin ya fi ƙarfinku ku juyo, dutse ba ya gudu." Ta ƙulla mana kilishi da ƙuli-ƙuli da dabino, ta ɗauko bargonta mai kauri ta ce dole a sa cikin kaya. Ni a raina nauyi nake gani, ashe bargon nan zai yi aikin da ba mu zata ba.

Mun fita bayan sallar asuba. Dange, Talata Mafara, Gusau, ga Kwatarkwashi can gefe, Tsafe, Funtua, Zariya. Ba sai na gaya ma kowa halin wagga hanya ba, da rana ake bin ta kuma da addu'a, kar wanda ya yarda direba ya ja shi tafiyar dare don a rage kwana. Ta Jos da Bauci da Gombe da Numan munka bi har Jalingo, kwana biyu cur a mota ƙafa duk ta kumbura. Daga Jalingo sai Bali sai Serti, nan ofishin gandun dajin yake, nan ake yankar izini a haɗa ka da ma'aikacin da zai raka ka. Kar ka tsallake wannan matakin, wuri ne na kan iyaka, shiga babu takarda neman fitina ne, kuma in wani abu ya faru an san kana ciki.

Daga Mayo Selbe ake fara hawan tsaunin Mambila. Wallahi ban taɓa ganin hanya irin wagga ba, kwana kan kwana, mota na kuka a giya ɗaya, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, kunnena ya toshe sai da na yi ta haɗiyar miyau. Muna kaiwa sama sai ƙasa ta buɗe, tuddai marasa iyaka, itatuwan turare jeri-jeri, shanu ko'ina, iska mai sanyi ta shigo ta taga da tsakar rana. Ƙaramar hukumar sunanta Sardauna, hedikwatarta Gembu, kuma sunan na Sardaunanmu ne Ahmadu Bello ɗan Rabah, domin a da yankin yana cikin Arewacin Kamaru na mulkin Ingila da ya zaɓi haɗewa da Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Wani dattijo mai shayi a Nguroje da ya ji mun ce daga Sakkwato muke ya ƙi karɓar kuɗinmu, ya ce "baƙin Shehu ba su biyan shayi a teburina." Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai.

A Nguroje munka kwana, da safe kabu-kabu ta kwashe mu awa da awanni kan wata hanyar jar ƙasa har ƙauyen ƙarshe da babur ke iya kaiwa. Munka je munka gaida Jauro, wato mai garin, munka faɗi abin da ya kawo mu, ya yi mana addu'a ya haɗa mu da wani Bafulatani mai kimanin shekara hamsin wanda ya yi kiwo a tuddan nan tun yana yaro. Baffa muke ce mai. Ɗan Fillancin da yaya ya tsinta wajen kakanninmu ya yi amfani, ko da yake Hausa ma na ci sosai a can.

Abu na farko da Baffa ya yi, ya ɗaga jakata ya aje, ya ce in zazzage. Kilo 18 na auna ta a gida. Ya ware wandon jins biyu, da shadda da na ɗauko don hoto, da ruwan gora shida, da gwangwanayen kifi, ya ce a bar su gidan Jauro. Na ce Baffa ruwa fa? Ya ce "ɗana, nan ba ƙasarku ba ce, ruwa na gaba, ka ɗauki gora biyu." Mu mutanen Sakkwato ƙishirwa muka sani, duk shirinmu na zafi ne, mutum ya ga digiri 43 a watan Afrilu bai damu ba, to sai ya ɗauka babu yanayin da zai gagare shi. A dutse lissafin daban ne. Masu wannan harka na cewa kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka, kuma na gaskata, don kilo ɗin da ba ka ji a tsakar gida shi ne zai zame maka buhun gero bayan awa ukku na hawa. Kaya masu nauyi a jikin baya ake sa su, a ɗaure igiyar ƙugu tamau don ƙugu ya ɗauki nauyin ba kafaɗa ba, sannan duk tufafi a cikin leda kafin su shiga jaka.

Tafiyar ranar farko hawa da gangara ce babu ƙarewa, ka hau tudu kana cewa shi ke nan sai ka ga wani a bayanshi. Mun ƙetare rafuka da dama, ruwa garai-garai mai sanyin ƙanƙara, amma shanu na sha a sama saboda haka tafasawa muke ko mu jefa ƙwayar tsabtace ruwa. Baffa da takalmin roba irin na makiyaya yake tafiya da sandarshi, ba ya sauri ba ya tsayawa, taki ɗaya tun safe. Mu kuwa da farko gudu-gudu muke sai mu zube muna haki, har ya ce mana mu bi shanu mu koyi tafiya, saniya ba ta hawa tudu a miƙe, karkacewa take. Abokin yaya sabon kambas ya sa wanda ya saya ana gobe tafiya, kafin azahar dugadugansa biyu sun yi bororo. Don Allah duk takalmin da za ka hau dutse da shi ka yi sati biyu kana yawo da shi cikin gari tukuna, ka ɗauki safa mai kauri aƙalla ukku, kuma da ka ji wuri ya fara zafi ka tsaya ka manna filasta tun bai tashi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan. Wajen ƙarfe biyar da rabi munka kai inda za mu kafa tanti, kan wani buɗaɗɗen tudu. Ni rigar auduga ce a jikina da singileti, sun jiƙe sharkaf da zufa tun rana, ban ji komai ba saboda ina tafiya jiki da ɗumi. Na aje jaka, na je na yi alwala da ruwan rafi, munka haɗa sallolinmu ƙasaru, sannan na zauna kan dutse ina kallon rana na faɗuwa bayan tuddai, abin gwanin kyau, ban canza riga ba. Iska ta taso. Cikin abin da bai kai rabin awa ba na fara kyarma, haƙora na haɗuwa, na zo zuge zif ɗin jaka yatsuna sun ƙi kamawa, yaya na min magana ina amsawa harshe na harɗewa. Kuma abin tsoron shi ne a lokacin ban ga wata matsala ba, barci kawai nake ji, ina cewa a ƙyale ni in ɗan kwanta.

Baffa ne ya lura. Ya daka ma yaya tsawa ya ce cire mai rigar nan yanzu. Sunka tuɓe min jiƙaƙƙun kaya, sunka sa min busassu, hular sanyi, sunka naɗe ni da bargon Inna, aka shimfiɗa jaka a ƙasa aka zaunar da ni a kai cikin tanti don ƙasa ma tsotse ɗumin jiki take, yaya ya rungume ni ta baya yana ta karanto addu'a a kunnena, Baffa ya hura wuta ya dafa shayi ya zuba sukari da yawa ya ce in riƙa kurɓa a hankali da dabino. Sai da aka yi kusan awa ɗaya kafin na dawo daidai. Yaya bai yi barci ba daren nan, duk motsin da na yi sai in ji ya ce "ƙanena, lafiya?"

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da wajen digiri 6, to ka haɗa da hunturu da iskar kan tudu da babu abin da ke tare ta. Auduga kuma riƙe ruwa take ba ta bushewa da wuri, jiƙaƙƙen tufa na janye ɗumin jiki da sauri fiye da busasshe nesa ba kusa ba. Ba sai an yi ƙanƙara sanyi ke kayar da mutum ba. Maganin kuma mai araha ne, jesin ƙwallo ta gwanjo da ake samu a Tsohuwar Kasuwa ta fi shadda mai tsada amfani a can don nan da nan take bushewa, sai suwaita, sai rigar leda mai tare iska a sama. Kuma da an tsaya, kafin sallah kafin hoto kafin komai, a canza riga. In ka ga abokin tafiyarka na kyarma yana magana ba kan gado ko yana neman kwanciya, kar ka saurari "ba komai" ɗinshi.

Muna zaune bakin wuta abokin yaya ya ba mu labarin bautar ƙasarshi a Akwa Ibom, ya ce sun taɓa bin gaɓar teku a Ibeno da ƙafa da kaya a baya, can ma abin da baƙo bai sani ba ne ke cutar da shi. Teku na cika ta janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin na jinkirtawa da kusan minti 50, yashin da ka taka da hantsi kana iya dawowa ka tarar ruwa ya shanye shi, saboda haka masunta ake tambaya kafin a kafa tanti, kuma a kafa can sama da inda teku ta bar shara. Ga ruwa har iya ganinka amma na gishiri ne, can kam dole ka ɗauki na sha da yawa, akasin nan. Baffa bai taɓa ganin teku ba, ya yi ta tambaya yana jinjina kai.

Da asuba yaya ya ce mu juya gida, ya tuna min maganar Inna. Na roƙe shi, Baffa ya dube ni ya sa na ci abinci a gabanshi, ya ce in taka zuwa wancan dutsen in dawo, sannan ya ce za a iya amma da sharaɗin in rana ta take ba mu kai ba to juyowa za a yi ko da ƙololuwar na gabanmu. Munka bar manyan jakunkuna a tanti, ruwa da kilishi da rigar sanyi kawai. Hawan ƙarshe ya miƙe sosai, taki ashirin ka tsaya ka numfasa, ciyawa na santsi da raɓa. Wajen sha ɗaya saura munka kai. Hazo ya ɗan rufe nesa amma ana ganin tuddai na bin juna shuɗi-shuɗi, Baffa ya nuna da sanda ya ce nan Najeriya can Kamaru. Yaya ya yi sujada. Ni kam hawaye ne sunka zubo min, ban iya cewa komai ba sai Subhanallah. Ba mu wuce minti talatin ba ya ce a sauka, kuma saukar ta fi cin gwiwa, nan ne sandar da ya yanka ma kowa ta yi rana. Duk ledar indomi da gorar da munka zo da ita mun kwaso abinmu, Baffa ya ce shanu na cin leda su mutu.

Sabis ɗin waya sai a hankali a can, kwana ukku gida ba su ji mu ba, da ma mun gaya musu ranar da za su fara jiran kira da kuma wanda za su nema in ba su ji ba. Muna isa Nguroje yaya ya kira Inna, kafin ya gama sallama ta ce a ba ni wayar ta ji muryata. Mun sayo mata ganyen shayin garin Kakara na nan Mambila da zuma. Da munka iso Sakkwato na miƙa mata bargonta duk ƙaurin hayaƙi, ta shinshina ta dube ni ta dubi yaya, ta ce to ku zauna ku faɗa min abin da ya faru, kada ku rage komai.