Kulocin da ke nutsewa a gosulon Legas

Motata tokumbo ce, mai ƙofa biyu da giya shida na hannu, irin waɗanda aka ƙera don gudu. In titi a sake yake, ba ta da matsala. Amma da zarar gosulo ya riƙe ni a gadar Third Mainland ko hanyar Ikorodu, sai kuloci ya yi laushi, ya nutse ƙasa ya ƙi dawowa sai na ɗago shi da ƙafa, giyar farko kuma ta ƙi shiga. In motar ta kwana ta huce, lafiya lau.

Kowa ce mini yake farantin kuloci ya cinye. Wani dattijon bakanike a Agege ne ya ce, "Alhaji, bar batun faranti tukuna. Wanda ya cinye sulɓi yake yi, kuma ba ya warkewa don mota ta kwana." Muka hau titi, ya sa babbar giya muna tafiya a hankali, ya take totur. Ƙarar inji da gudun mota suka tashi tare, wato faranti na kamawa. Da ya buɗe kofin man kuloci, man ya yi baƙi ƙirin.

Man birki ne ake zubawa a nan, kuma yana shan danshin iska, abin da Legas ba ta rasawa. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155. A motata silindar da ke tura kulocin tana cikin ƙoƙon giyabos, inda zafi ke taruwa in ana tafiya ana tsayawa. Man ya tafasa, tururi ya shiga bututu, shi kuwa tururi matsewa yake yi, ba ya tura komai.

Muka zubar da tsohon, muka sa sabo, aka fitar da iska. Abin ya lafa na ɗan lokaci, sannan man ya fara raguwa, muka ga jiƙa a ƙasan giyabos. Robar silindar ta riga ta mutu. Babu hanyar kaiwa gare ta sai an sauke giyabos, don haka na shiga Ladipo, kasuwar kayan mota, na sayi sabuwar silinda, na ƙi ta Beljiyam duk da arharta, domin roba tana tsufa ko ba a aiki da ita. Tunda an riga an buɗe, aka canza faranti ma. Na zaɓi na gama-gari. Farantin motocin tsere mai yumbu fizga yake yi a gosulo.

Yanzu duk shekara biyu nake canza man, daga gwangwanin da aka buɗe a gabana. Ba na bari a zuba man giya ko na sitiyari, yana kumbura roba. In an tsaya, nakan cire giya in ɗauke ƙafa daga kuloci gaba ɗaya.