Gyaɗa, Fam da Sefa: Cinikin Gidanmu Tsakanin Maraɗi da Kano

Ƙaramin kamfanin da nake riƙe da shi a Maraɗi, mai jigilar wake da hatsi tsakanin nan da Katsina da Kano, gado ne daga mahaifina, wanda ya soma da awon gyaɗa a shekarun da mulkin mallaka ke naɗe tabarmarsa. Kantunan Turawa ke ba shi jari kafin kaka, ya bi kasuwannin ƙauye da sikeli yana tara buhuna, sannan motoci su ratsa Ɗan Isa da Jibiya su sauke a tashar jirgin ƙasa ta Kano, domin ta nan ne teku ya fi kusa.

Faransa ba ta ji daɗin ganin amfanin ƙasar da take mulka yana fita ta hannun Ingila ba, don haka tun wajen 1953 ta ƙirƙiro tsarin Hirondelle, wanda ke rage wa mai kaya kuɗin mota idan ya bi ta Parakou zuwa Kwatano. Hanyar ta yi nisa, kuma ba ta raba alhazan Maraɗi da masaukansu na Kano ba, inda suke samo goro da atamfa a kan amana, a biya bayan an sayar.

Nijar ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Najeriya kuma ranar 1 ga Oktoba. A ganina Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, ya yi hangen nesa da bai yarda Faransa ta zaɓar masa yadda zai zauna da maƙwabciyarsa ba, har ma lokacin yaƙin basasar da ya ɓarke a 1967 ya tsaya tare da Legas alhali Faransa ta karkata ga Biyafara. A cikin gida kuwa, kafa SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa na ƙasa, a 1962 ya ɗauke fitar da gyaɗa daga hannun kantuna, mahaifina ya koma mai saye da lasin gwamnati.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne kuɗi. Najeriya ta buga fam nata a 1959, sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Faransa, saboda haka kowane shafi na littafin lissafinsa layi biyu ne, ɗaya da sule da fam, ɗaya da dala da jika, kuma a zauren maigidansa na Kano ake yanka canji kafin a yanka farashin buhu. Naira ta maye gurbin fam a 1973, amma har gobe ba na ɗora wake a mota sai na tuntuɓi ɗan canji da sassafe.