Bayan 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa

Na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro kafin in gane cewa ranar da aka gama gashin ciwon daji ba ita ce ranar hutu ba. Mai ciwon dajin maƙoshi ko na bayan hanci yakan yi mako 6 zuwa 7 ana gasa shi da na'ura, kwana biyar a mako, sau da yawa nesa da gida, a Zariya ko Sakkwato ko Abuja. Da ya gama sai dangi su yi hamdala, 'yan dubiya su ɗauke ƙafa. Ni ma haka nake a da: in rubuta ranar dawowa, in ce Allah ya ƙara sauƙi.

Wata mata ce ta gyara mini tunani. An cire wa mijinta maƙogwaron murya baki ɗaya, an kuma yi masa gashi, ta wata huda a gaban wuya yake numfashi. Shekara biyu ke nan da aikin. Na ce, "Hajiya, ya mai jiki?" Ta ce da sauƙi. Sai na ga hannunta na rawa tana buɗe fulas ɗin kunu, na ce, "Ke fa, kina samun barci?" Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Sista, rabona da barci mai nauyi tun ranar da aka yi aikin. Idan majina ta toshe hudar nan da dare, da wace murya Malam zai kira ni?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, alhali ni na koya mata goge hudar.

Gashi yana lalata wuraren da ke samar da yawu, kuma a wurin mutane da yawa bakin ba ya komawa yadda yake. Haɗiya ta yi wuya, yaji ya zama wuta, haƙora su riƙa ruɓewa. Don haka girki biyu take yi kullum: na yara, da na Malam mai ruwa-ruwa, yawanci da miyar kuɓewa don ya wuce. Ya daina cin abinci a zaure, sai a ɗaki, ita kaɗai a gefensa. Da hunturu iska ta bushe, majina ta daskare, ta yini tana jiƙa ƙyallen da ke rufe wuyan. Wanka ma sai da ita, kada ruwa ya shiga huhu. Ita ce kuma bakinsa: ita ke amsa waya, ita ke karanta leɓɓansa ta faɗa wa baƙi. Ɗinkin da take yi tuni ya tsaya.

Kowa ya zo sai ya ce mata, "Ki yi haƙuri, lada ne." Gaskiya ne, lada ne. Amma na lura kalmar tana rufe mata baki, don wadda ake yaba wa haƙurinta tana jin nauyin cewa ta gaji.

Tun daga nan na canja yadda nake sallama. Ba na koya wa mutum ɗaya. Sai an kawo mini biyu ko uku daga gidan, kowa ya yi da hannunsa a gabana. Ina maimaita musu cewa kada a cire haƙori ba tare da an gaya wa likita an taɓa yin gashi ba, domin ƙashin muƙamuƙi na iya ƙin warkewa. Ina kuma keɓe mai jinyar ni da ita, in gwada jininta, in saurara.

Ita wannan Hajiyar, mun kira babban ɗansu da ƙanin Malam suka koya, suka raba dare. An ajiye kwanon silba da cokali a bakin gado, ya ƙwanƙwasa idan yana buƙata. Da suka dawo bayan wata uku, ta ce mini daren farko ta kasa runtsawa duk da haka, tana kasa kunne. A dare na huɗu ne sai kiran asalatu ya tashe ta.