Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo Baba bayan aikin zuciyar da aka yi masa a Abuja. An ciro jijiya daga ƙafarsa da wata daga cikin ƙirjinsa, aka yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye inda ya toshe. Yanzu yana takawa a tsakar gida, har ya fara mitar an rage masa gishiri. Ina wannan rubutu ne a madadin Hajiya da dukkanmu 'ya'yansa.

Bayan Allah, godiyarmu ta farko ga likitar da ta ɗage ranar aikin. Gwajin haemoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya nuna jinin Baba 10 ne, alhali a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya namijin da ya gaza 13 yana da ƙarancin jini. Ta zaunar da mu, ta zana mana a bayan takardar magani: injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu a lokacin tiyata sai an cika bututunsa da ruwa, ruwan nan kuma yana tsinka jini. Wanda ya shiga da ƙarancin jini da wuya ya fito ba a ƙara masa ba, ƙarin kuwa yana da nasa haɗarin ga ƙoda da huhu. Tunda ciwon bai kai na gaggawa ba, ta ce a gyara jinin tukuna.

Ba ta tsaya nan ba, ta bi sawun inda jinin yake zurarewa, aka gano gyambon ciki ne ke tsiyaya a hankali, aka yi maganinsa. Sinadarin ƙarfe ta jijiya aka ba shi cikin ƙarin ruwa, domin ƙwaya tana da jinkiri. Ta hana shi shan shayi a kan abinci, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo. Kwana 5 kafin aiki aka dakatar da ɗaya daga magungunan da ke hana jini daskarewa. Wasu cikin dangi sun ga kamar jan rai ake yi. Likita, Allah Ya saka miki da alheri bisa haƙurin da kika yi da tambayoyinmu.

Muna gode wa ma'aikatan ɗakin tiyata, musamman mai kula da na'urar da ke tsotse jinin da ya zuba, ta wanke shi, a mayar wa mutum abinsa. Haka nas-nas ɗin da suke ɗibar jinin gwaji a 'yan ƙananan kwalabe don kada a ƙarar da ɗan abin da aka tara. Da jinin ya sauka wajen 8 bayan aiki, Yaya ya roƙi a sa masa leda ɗaya. Aka yi masa bayanin wani bincike da aka yi a 2017 a kan majinyatan aikin zuciya fiye da 5,000, wanda ya nuna jira har sai jini ya gaza 7.5 bai ƙara musu haɗari ba. Suka ci gaba da sa ido, jinin ya hau da kansa. Ko leda ɗaya ba a sa masa ba.

Samarin unguwarmu da ɗaliban Islamiyyar Baba da suka yi mota guda suka je ba da jini, jininku bai tafi a banza ba, yana ma'ajiyar asibiti wasu bayin Allah suna amfana. Kawu da Gwaggo da suka riƙe gida, maƙwabta, limaminmu da jama'ar masallaci, Allah Ya biya ku.

Masu son zuwa dubiya, muna roƙon a zo bayan la'asar, kaɗan-kaɗan. Mai mura ya kira a waya. Ƙashin ƙirjinsa bai gama haɗewa ba, don haka ban da runguma da jan hannu wajen gaisuwa. Masu kawo lemon malt da madara don ƙarin jini, mun gode ƙwarai, amma likita ta ce a bar shi a kan maganinsa. A ci gaba da sa shi a addu'a.