Na biya kuɗin sabunta inshora, amma gyaran babur ya dawo kaina

A yankinmu na Gumel, damina na kankama masu mota da yawa sai su ajiye ta su koma gona, domin kuɗin mai da na takardu taki ke cinye su. Haka aka yi da Golf ɗina. Inshorarta ta ƙare ana tsakar noma, na bar ta sai da kaka ta yi, na sayar da riɗi a kasuwar Maigatari, sannan na tashi sabuntawa.

Akwai wani ejan a cikin gari da kusan kowa ke kai wa takardun mota. Ya ce in kawo N15,000. Wannan ban yi musu ba, don tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga N5,000 zuwa N15,000. Sai ya ƙara da cewa akwai N6,000 na watannin da takardar ta yi a mace. Na ce, "Malam, motar fa a ajiye take, ko titi ba ta hau ba." Ya ce, "Alhaji, sai an cike giɓin kafin a farfaɗo da ita." Na biya, na tafi da fahimtar cewa daga ranar motar tana da kariya.

Takarda ba ta kai ga fitowa ba ƙanena ya ɗauki motar zai kai matarsa awo. Wajen juyawa a ƙofar asibiti ya bugi babur ɗin wani malamin makaranta da ke ajiye. Alhamdulillahi ba wanda ya ji ciwo, amma gaban babur ya lotse, fitilarmu ma ta fashe. Ko a jikina, tunda na san na biya.

Da takardar ta iso, sai na ga ranar farawar da aka buga a kanta tana bayan ranar haɗarin. Na kira lambar kamfanin. Wata ma'aikaciya ta saurare ni da haƙuri, ta ce, "Baba, ba tsohuwar aka farfaɗo ba, sabuwa aka yanka maka. Tana aiki daga ranar da ke rubuce har shekara guda." Na tambayi N6,000 ɗin, ta ce su N15,000 kawai suka gani.

A nan ne abin ya warware mini. Ƙa'idar inshora a Najeriya ita ce in kuɗi bai shiga ba, babu kariya, kuma hakan na rubuce tun a dokar inshora ta 2003. Mutumin namu ba dillali ne mai lasisi ba. Tara kuɗin jama'a yake yi, sai sun yi kauri ya shigar da su gaba ɗaya. Duk kwanakin da kuɗina suka yi a aljihunsa, motar tana yawo ne ba komai a kanta. Watannin damina kuwa babu bashin da kamfani ke bi na, don bai ɗauki nauyin komai ba a lokacin. Ba a sayen kariya a kan abin da ya riga ya wuce.

Ko da ranar ta dace, fitilarmu ba ta ciki. Wannan inshorar ta wanda ka yi wa ɓarna ce: dukiyarsa har N3 miliyan, da rauni ko rasa rai. Mai son a gyara tasa motar sai ya yanki cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato N200,000 a motar N4 miliyan. Masu ɗaukar fasinja ranar kasuwa da takardar motar gida kuma, su ma su tambaya, domin na haya rukuninsu daban.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tun da 'yan sanda suka fara matsa lamba a kan inshora ranar 1 ga Fabrairun 2025, mutanenmu sun ɗauke ta takardar wuce shinge kawai. Ba mai duba kwanan wata, ba mai neman rasit ɗin kamfani, ga ta da Turanci. Alhali da ƙaramar waya ma ana iya danna *565*11# a sa lambar mota a ga ko tana cikin rumbun bayanan inshora na ƙasa, wato NIID.

Malamin makarantar mun zauna da shi a gaban mai unguwa, na ɗauki nauyin gyaran babur ɗinsa. Ejan kuma da na koma, cewa ya yi N6,000 ɗin ladan wahalarsa ce. Na ce masa lada ba ta kai haka ba, kuma ba da wannan sunan ya karɓa ba. Ya yi alkawarin mayar da rabi bayan kasuwar Alhamis, mai unguwa ne shaida.